Babi na Bakwai: Awon Kan Yaro da Mudun Aro

Ɗan Bahaushe da ya tashi a unguwar Gounghin ta Wagadugu, kafin ya gama famfara ya riga ya ratsa harsuna huɗu. A gida Hausa ake yi masa. In ya leƙa waje, abokan ƙwallonsa na kusa da filin wasa na 4 ga Agusta da Moore, harshen Mosawa, suke tsokanarsa, da Moore yake ramawa. Da asuba ko da la'asar yana gaban malam, allo a cinya, yana jan Larabci. Ranar da aka kai shi lakwal kuwa, wato makarantar boko, ajin farko da ake kira CP1, sai ya tarar da mushe, wato malamin ajin, yana magana da harshen da ba a taɓa aikensa da shi ba, ba a taɓa rarrashinsa da shi ba. Da wannan harshe na huɗu za a yi masa tambaya, da shi za a ba shi maki, da shi kuma za a yanke wa kansa hukunci.

Tun da aka rushe Zangouettin, tsohon zangon Hausawan Wagadugu, a 2003 saboda aikin sabunta tsakiyar birni da aka sa wa suna ZACA, iyalai suka ƙara watsuwa cikin unguwanni, yaransu suka ƙara cuɗanya da na Mosawa. Akasarin yaran suna fita kunya. Amma a kowane aji akwai wanda takardar sakamakonsa ba ta sauyawa: na ƙarshe bara, na ƙarshe bana, ya maimaita CP2, ga shi yana shirin maimaita CE1. A gida an riga an gama shari'arsa. Uba ya ce wasa ne ya yi masa yawa. Uwa ta ce kansa ba ya ja. Kaka ta ce baki ne, ko iska ce ta shafe shi tun yana goye. Yayyensa kuwa ba su da wata kunya, daƙiƙi suke ce masa kai tsaye. Magani kuma sananne ne: bulala, rubutun sha, zabibi da zuma. In duk ba su yi ba, namiji a miƙa shi ga mai gyaran babur, mace a ɗora mata farantin talla har miji ya fito.

Matsalar ita ce yaran da ake ce wa kansu ba ya ja ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Wani ba ya jin rabin abin da mushe ke faɗa saboda sanƙarau ya ci masa kunne ɗaya. Wani yana ji sarai, amma kafin a kai ƙarshen jimla farkonta ya zube. Wani yana riƙewa, sai dai komai nasa a hankali yake tafiya, kafin ya kwafi layi biyu an goge allo. Wata hankalinta ɗaukewa yake yi na daƙiƙa goma, ido a buɗe, sau da yawa a yini, wanda wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya kayar da mutum kuma yana jin magani. Wani lafiyarsa ƙalau, Faransancin ne bai zauna masa ba. Wani kuma yunwa ce. Aikin awon ƙwaƙwalwa da za mu yi magana a kansa shi ne ya rarrabe waɗannan yara, don kada a yi musu kuɗin goro.

Ba hoton kai ba ne. Iyaye da yawa in sun ji an ce awon ƙwaƙwalwa, na'urar nan da ake tura mutum ciki suke hasashe, ko wayoyin da ake manna wa mai farfaɗiya a fatar kai. Hoto yana nuna siffar ƙwaƙwalwa, wayoyin suna nuna wutar da ke gudana a cikinta. Wannan awon kuwa aikinta yake dubawa: riƙo, natsuwa, sauri, harshe, gane siffofi, tsara mataki kafin a ɗauka, da iya taka wa kai birki. Hoto zai iya fitowa fes alhali yaro yana fama. Wanda ya fi kowa kafa tubalin wannan fanni shi ne Alexander Luria na Rasha, wanda ya yi jinyar sojojin da harsashi ya sama a ka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga cewa rauni a wuri kaza yana ɗauke abu kaza ya bar sauran: mutum yana magana amma ya kasa karatu, wani yana tuna komai amma ya kasa tsara yadda zai fara aiki ya gama. Daga nan aka fahimci cewa abin da muke dunƙulewa mu kira ƙoƙari ayyuka ne masu yawa da suke haɗuwa, kowanne kuma yana iya samun tangarɗa shi kaɗai.

A ƙaddara yarinya ce 'yar shekara tara aka kawo. Mai awon da ya san aikinsa ba zai fara da buɗe akwati ba, da uwar zai fara. "Hajiya, cikinta ya kai wata tara? Ta yi kuka da ta faɗo? Idonta ya yi shawara a makon suna? Yaushe ta zauna, yaushe ta taka, yaushe ta fara haɗa kalma biyu? Ta taɓa yin zazzaɓin da ya sa ta jijjiga ko ta suma? Akwai mai amosanin jini a gidan?" Zai nemi katin awon jarirai in bai ɓata ba, ya duba littattafan makarantarta, ya tabbata an gwada ido da kunne. Wannan hira kan ɗauki sa'a guda, kuma sau da yawa a cikinta ake samun bakin zaren.

Sannan a zauna da yarinyar a ɗaki shiru, tebur a tsakani. "'Yata, zan faɗi lambobi, ki maimaita bayana: biyar, tara, biyu." Ta maimaita. Ya ƙara ɗaya, ya ƙara ɗaya, har ta fara tuntuɓe. Sai ya ce ta juya su, ta faro daga ƙarshe, wanda ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin dole ta riƙe su a ka kuma ta sarrafa su a lokaci guda. Ya buga tebur da dunƙulen hannu, da tafi, da gefen hannu, ya ce ta kwaikwayi jerin. Ya zube mata 'yan kusurwa uku-uku na roba, gefe shuɗi gefe rawaya, ya nuna mata zane ya ce ta haɗa irinsa. Ya nuna mata hotunan kifaye da tsirrai, kowanne ya raɗa masa sunan banza da babu shi a kowane harshe, can anjima ya tambaye ta wane ne wane. Ban da juya lambobin, waɗannan duka suna cikin kundin gwaji da ake kira KABC-II, wanda Alan da Nadeen Kaufman na Amurka suka fitar a 2004 bisa tunanin Luria, don masu shekara 3 zuwa 18.

Akwai kuma wani na kwamfuta, TOVA, wanda da gangan aka yi shi ya gundura. Kusan minti 22 yarinya tana kallon allo da maɓalli a hannu. In ɗan murabba'in ya fito ta sama ta danna, in ya fito ta ƙasa ta ƙyale. A rabin farko ba kasafai yake fitowa ta sama ba, don a ga ko hankalinta zai yi yawo. A rabi na biyu kusan kullum ta sama yake fitowa, don a ga ko yatsanta zai iya tsayawa in ba a so ya danna. Duk tsawon zaman mai awo yana lura da abin da takarda ba ta da gurbinsa: tana motsa leɓe tana nanata lambobin? Tana karkato kunne ɗaya? In ta kasa tana sake gwadawa ko tana sunkuyar da kai? Ta san amsa amma tana jin nauyin ta faɗa wa babba?

Har nan babu gardama. Rigimar tana farawa ne lokacin da za a mai da abin da yarinyar ta yi ya zama lamba.

Lambar nan da ake kira IQ ba nauyi ba ce da ake ɗora kai a kan sikeli a karanta. Kwatanci ce. Masu gwajin sun tara dubban yara sun gwada su, suka sa matsakaicin kowane rukunin shekaru ya zama 100. Biyu cikin uku na yaran suna faɗawa tsakanin 85 da 115, kimanin biyu cikin ɗari kuma ƙasa da 70. To su wane ne waɗannan yara? In kundin WISC ne na Faransanci, wanda David Wechsler ya fara fitar da asalinsa a 1949, yaran Faransa ne. In KABC-II ne na asali, yaran Amurka ne. Mai hatsi ya san cewa kwanon da ake ce wa yoruba a kasuwannin Wagadugu ba shi ne tiyar Dawanau ba, kuma wanda ya sayi gero da wannan ya sayar da wancan, ko ya cuci kansa ko ya cuci wani. Yarinyar Gounghin da aka ce ta sami 72 an auna ta ne da mudun yaran da suka tashi da littattafan hoto, da kayan wasan haɗa-haɗa, da harshen gwajin a bakin uwa.

Duba gwajin lambobi kawai, wanda ake ganin ba ruwansa da al'ada. Masana sun gano cewa riƙon ɗan lokaci yana ɗaukar abin da baki zai iya furtawa cikin kamar daƙiƙa biyu. A 1980 Ellis da Hennelly sun nuna cewa masu harshe biyu a yankin Wales suna riƙe lambobi da yawa da Turanci fiye da harshensu na gida, saboda lambobin harshen gidan sun fi jan lokaci a baki. Yanzu ƙirga namu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Kowacce gaɓa biyu ce. Na Faransanci kusan duka gaɓa ɗaya-ɗaya ne. In mai awo ya tausaya wa yarinya ya faɗa mata lambobin da Hausa, sannan ya duba jadawalin Faransa ya ba ta maki, ya ɗora mata kaya ninki ya ce ta yi tsere da mai kaya ɗaya. In kuma ya faɗa da Faransanci, ya auna Faransancinta ne tare da riƙonta, ba zai san wanne ya gaza ba.

Sai gwajin haɗa abubuwa masu kama. Luria da kansa ya ci karo da wannan a ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932: ya nuna wa manoman da ba su yi boko ba guduma, zarto, gatari da gungumen icce, ya ce su fid da bare. Suka ƙi fid da gungumen, domin a ganinsu kayan aiki ba su da amfani in babu abin sarewa. Shekaru bayan haka Michael Cole da Joseph Glick da abokan aikinsu suka ga irin wannan a wurin Kpelle na Laberiya. Manoma suna haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi. Da aka tambaye su yadda wawa zai haɗa, sai suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, wato daidai amsar da takardar gwajin ke ba wa cikakken maki.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na Robert Serpell, wanda ya fito a 1979. Ya sa yaran Zambiya da yaran Ingila su kwaikwayi siffofi ta hanyoyi daban-daban. Da fensir da takarda, yaran Ingila suka yi gaba. Da waya mai lanƙwasuwa, yaran Zambiya suka bar su a baya. Da yumɓu, aka yi kunnen doki. Duk wanda ya taɓa ganin yaran unguwa sun ƙera motar waya ko ta langa-langa, da sitiyari mai juya tayoyin gaba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Basirar gane siffa tana nan, hanyar da aka bi aka tambaye ta ce ta bambanta.

Allo ma yana da nasa tasirin. Daniel Wagner a Maroko, da Sylvia Scribner da Cole a wurin Vai na Laberiya, sun samu cewa waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun fi iya riƙe abu jere bi da bi, amma wannan fifiko bai bazu zuwa kowane irin riƙo ba. Saboda haka uban da ke cewa, "Malam, yaron nan ya haddace izu biyar, ta yaya za a ce yana da matsala?" gaskiya yake faɗa, mushe da ke cewa ya kasa karatu shi ma gaskiya yake faɗa. Hadda da kunne aiki ɗaya ne, haɗa harafi da sauti wani aiki ne daban. Rubutun Faransanci kuma ba ya tausayin mai wannan rauni: kalmar ruwa haruffa uku ce, e da a da u, amma o ake furtawa. Makarantu masu harshe biyu da aka fara gwadawa a Nomgana a 1994, inda yaro ke fara karatu da harshensa kafin Faransanci, sun nuna ana iya gama firamare cikin shekara biyar maimakon shida. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi hattara kafin a ɗora laifin kowace faɗuwa a kan yaro. Wani nazari da Ritchie da Tucker-Drob suka haɗa a 2018 ya nuna cewa kowace shekarar makaranta tana ƙara maki 1 zuwa 5 a irin waɗannan gwaje-gwaje. Ke nan gwajin yana auna makaranta tare da ƙwaƙwalwa.

Wani zai ce to a watsar da abin mana, tunda na aro ne. Ban yarda ba, kuma dalilina yana kwance a gadajen asibitin yara na Charles de Gaulle duk damina.

Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wanda ke sa yaro ya suma yana jijjiga, ba ya tafiya da duk kayansa ranar sallama. A asibitin Mulago na Kampala, Chandy John da Paul Bangirana da Michael Boivin sun bi yaran da suka tsira daga gare shi. A rahotonsu na 2008, shekara biyu bayan ciwon, kimanin ɗaya cikin huɗu yana da nakasu a aikin ƙwaƙwalwa, musamman natsuwa, alhali a cikin yaran da aka kwatanta su da su abin bai kai ɗaya cikin goma ba. Yaran suna tafiya, suna magana, suna cin abinci, iyaye sun yi godiya ga Allah sun manta. Sai an shiga aji ne abin ke bayyana, a lokacin kuma babu mai haɗa shi da zazzaɓin shekara uku da suka wuce. Dubarar da masu binciken suka yi ita ce darasin: ba su kwatanta yaran da na Amurka ba, sun ɗauko 'yan uwansu da yaran maƙwabta, masu cin tuwo iri ɗaya da zuwa makaranta iri ɗaya. Gwajin na aro ne, amma abokan kwatancin na gida ne.

Haka aka yi a nan Burkina. A yankin Banfora, kudu maso yammacin ƙasar, Anselme Simeon Sanou da abokan aikinsa na Cibiyar Muraz ta Bobo-Dioulasso da Jami'ar Bergen ta Norway sun gwada ɗaruruwan yara 'yan shekara 6 zuwa 8 da KABC-II da TOVA, yaran da aka san tarihinsu tun suna ciki saboda wani tsohon bincike kan shayar da nono zalla. Sakamakon da ya fito a 2017 da 2018 ya nuna yaran da suka tsumbure sun yi ƙasa da sa'o'insu, haka waɗanda uwayensu suka sha barasa da cikinsu, kuma waɗanda ba a sa makaranta ba sun yi ƙasa a gwajin natsuwa. A Kenya da Malawi an wuce nan, an ƙera ma'aunin girman ƙananan yara daga tushe da kayan da yaron ƙauye ya sani: na Kilifi, wanda Amina Abubakar da Penny Holding suka yi aiki a kansa, da na Malawi da Melissa Gladstone ta jagoranta ya fito a 2010.

Sanƙarau mun san shi, mu da ke tsakiyar yankinsa. Annobar 1996 ta kama mutum kimanin 250,000 a faɗin yankin ta kashe kimanin 25,000, kuma a nan Wagadugu aka ƙaddamar da allurar MenAfriVac a Disambar 2010, wadda ta karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna. Sauran nau'o'in suna nan, kurumta da raunin riƙo da suke bari su ma suna nan. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, dubban da suka rayu kuma dalma ba ta barin ƙwaƙwalwa yadda ta same ta. Ƙasar da ke cike da ramukan haƙar zinariya kamar tamu bai kamata ta ɗauki wannan labarin na nesa ba. Ko kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai a ido, da yawansa dalma ce.

Amma inda awon ya fi nuna amfaninsa a wurina shi ne amosanin jini. In ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma mai nau'in SS yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Waɗanda suka fi su yawa kuma suna samun toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ba ta karkata baki, ba ta kashe hannu. Alamarta ɗaya ita ce yaron da ke cikin goman farko ya fara zamewa. Kuma da yake yana yawan fashin makaranta saboda ciwon ƙashi, kowa sai ya ɗora laifin a kan fashin. A Kano, Najibah Galadanci da Shehu Abdullahi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun kafa awon gudun jini a jijiyoyin kai da na'urar sauti da ake ɗorawa a gefen goshi. Yaron da gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari. Gwajinsu mai suna SPRING, da yara 220 a Kano da Kaduna, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa maganin hydroxyurea ko da ƙaramin awo ne yana ba da kariya. A wani binciken na 2019 an gwada yara 83 da wasanni uku, ciki har da wanda ake kira Hasumiyar Landan: sanduna uku, ƙwallaye uku masu launi, a ce yaro ya mai da su wani tsari da mafi ƙarancin motsi. Yaran da jininsu ya fi gudu sun fi daɗewa kafin su warware, kuma manyan yaran sun fi ƙanana nisa da inda ya kamata su kai. Wato abin yana taruwa ne da shekaru.

To iyalin da ke Gounghin ina za su dosa? Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a ƙasar, akwatin gwajin da kuɗin Turai ake sayensa, kuma samun mai awon da ke jin Hausa sai an tona. Ƙofar shiga ita ce likitan yara, ko sashen jijiyoyi da na lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Yalgado Ouédraogo, su ne za su tura inda ya dace. Kafin nan a fara da mai arha: ido, kunne, awon jini, gwajin amosanin jini. Birnin yana da CEFISE mai haɗa kurame da masu ji a aji ɗaya, da ƙungiyar APEE ta iyayen yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, da makarantar yara makafi ta ABPAM. In an kai ga awon, uba yana da haƙƙin ya yi tambaya biyu ba tare da jin nauyi ba: "Likita, da wane harshe za a gwada ta? Kuma da waɗanne yara za a kwatanta ta?" Mai awo na kirki zai ji daɗin tambayar. In tafinta za a sa, kada ya zama yayanta ko uwarta, domin tausayi ba zai bar su su ƙi taimaka mata da ido ba. A kawo ta da safe, ta karya, ta yi barci, ba ta cikin zazzaɓi. Kada kuma a ce mata jarrabawa za ta.

Matasa nasu daban ne. Gaban ƙwaƙwalwa, inda tsari da birki suke, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, saboda haka gaggawar ɗan shekara sha biyar ba cuta ba ce. Abin dubawa shi ne sauyi. Wagadugu garin babura ne, hular kwano kuwa ba ta da farin jini. Saurayin da ya faɗi ya suma na 'yan mintoci, aka ɗinke goshi aka sallame shi, zai iya dawowa da mantuwa, saurin fushi da kasa jure hayaniyar aji, a gida a ce ya lalace. Tramadol da wiwi suna ba da irin wannan hoto. Haka baƙin ciki mai tsanani, haka tsoro. A farkon 2023 makarantu sama da 6,000 ne ke rufe a Burkina saboda rashin tsaro, yara wajen miliyan ɗaya suna zaune, wasunsu sun iso Wagadugu wurin dangi. Yarinyar da ta yi shekara biyu ba aji, ta kuma ga abin da bai kamata ta gani ba, za ta faɗi gwajin natsuwa da na riƙo ko da ƙwaƙwalwarta ba ta da ko ƙwarzane. Mai awon da bai zauna da ita su biyu ya ji ta bakinta ba zai rubuta ƙarya da lambobi masu kyau. Kuma da yake takarda irin wannan tana iya bin yarinya har ranar da aka zo neman aurenta, ita ma tana da ta cewa a kan wanda zai gani.

Rahoton da ya amsa sunansa ba lamba ɗaya ba ce a ƙasan shafi. Ya kamata uwar da ba ta yi lakwal ba ta fita ɗakin ta san abin da zai sauya gobe. Misali a ce: yarinyar nan tana gane siffa da dabara daidai da sa'o'inta, amma riƙonta na abin da aka faɗa da baki gajere ne, kuma tana da nawa. Saboda haka a zaunar da ita gaba, a ba ta umarni ɗaya-ɗaya, a nuna mata maimakon a yi ta bayani, a ƙara mata lokaci a jarrabawa, a daina dukanta a kan kwafin da ba ta gama ba. A gida in za a aike ta kanti, abu biyu ne ba biyar ba, ta kuma maimaita kafin ta fita. A ajin da yara suka haura saba'in ba duka mushe zai iya ba, amma kujerar gaba da ajiye bulala ba sa cin ko dala.

Sai a adana takardun amsoshinta yadda suke, ba jimlar kawai ba. Ba a maimaita gwaji iri ɗaya kafin shekara ta zagayo, domin yaro yana tuna wasannin ya yi kamar ya ƙaru. Amma bayan shekara ɗaya ko biyu, in aka sake zama da ita da harshe iri ɗaya da tsari iri ɗaya, an sami abokiyar kwatancin da babu gardama a kanta, wato ita kanta ta bara. In ta ci gaba, a ci gaba da abin da ake yi. In mai amosanin jini ce kuma aka ga saurinta ko natsuwarta sun tsaya cik ko sun ja baya, wannan ba maganar mushe ba ce kuma, a mai da ita wurin likitan jini a makon, a nemi awon jijiyoyin kai.